Sauyawar Siffar Aikatau: Bayani ga Masu Rubuta Takardun Hukuma da na Ciniki

Ana jan hankalin ma'aikatan ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan, da sakatarorin dagatai, da shugabannin ƙungiyoyin manoma, kan muhimmancin rubuta aikatau daidai a rasit da takardun yarjejeniya, domin harafi guda yana iya sauya ma'anar magana baki ɗaya.

Sauyawar aikatau abu ne da ake samu a harsuna da dama. A Sifaniyanci, harshen ƙasar Sifen da Ikwatoriyal Gini, wasu aikatau kan sauya wasalin cikinsu a lokaci mai ci. Misali, pensar, wato yin tunani: pienso (ina tunani), piensas (kana tunani), piensa (yana tunani), piensan (suna tunani), amma pensamos (muna tunani) da pensáis (kuna tunani). Ƙa'idar ita ce, idan ƙarfin furuci ya faɗa kan wasalin saiwar kalma, e kan koma ie. Idan ya faɗa kan ɗafin ƙarshe, wasalin ba ya sauyawa.

A Hausa kuwa ƙarshen aikatau ne ke sauyawa. A shekarar 1960 masanin harshe F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa zuwa giredi 7. A giredi na 2, abin da ya biyo bayan aikatau shi ke tantance wasalinsa na ƙarshe. Idan suna ne, sai a ce ya sayi rake. Idan wakilin suna ne, ya saye shi. Idan babu abin da ya biyo baya, raken da ya saya.

Wurin da ya kamata a yi hattara shi ne sauyin giredi. “Ya sayi taki” na nufin ya samu wani kaso. “Ya saye takin” na nufin bai rage wa kowa ba. “Ya sayar da taki” kuwa na nufin takin ya bar hannunsa. Irin wannan kuskure a takardar rabon taki ko cinikin gona kan jawo zargi, har ma da shari'a.

Saboda haka, ana shawartar duk mai rubuta takarda da ya karanta ta a fili a gaban shaidu kafin a sa hannu ko a dangwala yatsa.