Wake da Gawo 'Yan Gida Ɗaya Ne

Manomi, idan aka ce maka wake da gawo dangi ne, za ka yarda? Wake yana yaɗo a ƙasa, wata uku ya gama rayuwarsa. Gawo kuwa katon itace ne, yana iya ganin jikokin wanda ya bar shi a gona. Amma masana tsirrai sun ce gidansu ɗaya. A cikin gidan nan akwai gyaɗa da gujiya da waken soya. Akwai ɗorawa, bagaruwa, ƙirya, tsamiya, kalgo da tafasa. Har baban da ake rini da shi a marina yana ciki. A duniya an ƙirga iri fiye da 19,000 na wannan dangi.

Sanin wannan yana da amfani ga aljihunka. Tun zamanin Turawa aka san Daudawa da noman auduga, yanzu kuma ga masara ko'ina daga Faskari har Sabuwa. Auduga da masara duk masu cin ƙasa ne. Buhun taki ya yi tsada. Rashin tsaro kuma ya hana mutane da yawa zuwa gonakin nesa, sai na kusa da gari ake ta nomawa ba hutu. To, a cikin dangin wake akwai masu mayar wa ƙasa ƙarfi, akwai kuma waɗanda ba sa yi. Wanda bai san bambancin ba zai iya yin wahalar banza.

Yaya ake gane ɗan gidan?

Abu na farko, dubi 'ya'yan. Galibinsu suna zuba ƙwaya a jere cikin kwanso, kamar wake. Gyaɗa da gujiya suna binne nasu kwanson a ƙasa. Na bagaruwa yana da gaɓa-gaɓa kamar carbi. Na gawo ja-ja ne, a murɗe. Amma a yi hattara, zogale ma yana da dogon kwanso, ba kuwa ɗan gidan ba ne. Kwanson zogale gida uku yake tsagewa, na wake gida biyu. Kuɓewa da riɗi su ma baƙi ne a nan.

Abu na biyu shi ne fure. Da fure masana suka daɗe suna raba dangin nan ɗaki uku.

Ɗaki na farko shi ne na wake. Furensu yana kama da malam-buɗe-littafi: ganye ɗaya babba a sama, biyu a gefe kamar fukafukai, na ƙasa a haɗe kamar kwalekwale. Tsinko furen wake da safe ka duba, sa'annan ka dubi na gyaɗa, za ka ga ƙirar ɗaya ce. Gujiya, soya da baba duk nan suke. Abin mamaki, har madobiya, duk girmanta. Wannan ɗaki ya fi kowane yawan jama'a, kuma shi ne yake ciyar da mu.

Ɗaki na biyu, furensu ƙanana ne ƙwarai, sun dunƙule wuri ɗaya kamar gashi. Ka tuna jan furen ɗorawa mai reto kamar ƙwallo a lokacin rani, ko na bagaruwa mai ruwan ɗorawa. Gawo, ƙirya, farar ƙaya da ɗakwara mai ba da ƙaro duk 'yan wannan ɗaki ne. Su ne gwanayen jure fari. Ganyensu mitsi-mitsi ne, ba ya zubar da ruwa da yawa. Saiwarsu tana nutsewa can ƙasa neman danshi. Da yawansu suna da ƙaya don kare kai daga dabbobi. Shi ya sa in ka tashi daga Ƙanƙara ka nufi arewa, wajen Katsina da Maraɗi inda ruwan sama ya fi ƙaranci, za ka ga ɗorawa tana raguwa, gawo da ƙayoyi suna ƙaruwa.

Ɗaki na uku, furensu a buɗe yake, kamar na tafasa, tsamiya, kalgo da taura.

Haka aka koya mana a makaranta. Amma a shekarar 1990 da 'yan kai masana suka soma binciken ƙwayar halittar da ke cikin tsirrai, ba siffar waje kaɗai ba. A 2017 suka taru suka sake rabon, ɗaki ya zama shida. Wake yana nan inda yake. An ware kalgo ɗaki daban. Tsamiya da taura da maje da kawo suka sami nasu. Tafasa kuwa sai aka gano ta fi kusa da gawo da ɗorawa, aka haɗa su. Ga manomi dai, rabon fure ya isa aiki. Kakanninmu ma ba su jira kowa ba wajen ba itatuwa suna. Wani likita Bature mai suna Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga littafi a 1916, daga bakin mutanen karkara ya ji su.

Sirrin yana cikin saiwa

Yanzu ga inda maganar take. In wakenka ya kai mako 5 ko 6, haƙo gindi ɗaya da fartanya. Kada ka fizge. Wanke saiwar a hankali. Za ka ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle manne da ita kamar ƙuraje. Wasu manoma suna zaton cuta ce. Ba cuta ba ce, ɗakunan wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani. Aikinsu shi ne su kamo wani sinadari daga iska mai suna naitirojin su ba tsiro. Sinadarin nan shi ne kake saye da tsada a buhun yuriya, alhali kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa shi ne. Masara da dawa ba su iya kamo shi, wake yana iyawa. Wasu masana biyu a ƙasar Jamus ne suka tabbatar da haka wajen 1886.

Fasa ƙulli ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne kamar nama, yana aiki. In fari ne ko kore, ba ya taɓuka kome. In kuwa ka ga saiwar da kanta ce ta kumbura, kumburin ba ya ɓallewa, wannan tsutsar ƙasa ce, cuta ce ta gaske.

Kusan duk 'yan ɗakin wake suna da ƙullin nan. Gawo da bagaruwa da ƙirya su ma suna da shi. Amma tafasa, kalgo, tsamiya da taura ba su da shi. Ɗorawa ma, duk da kusancinta da gawo, ba a san ta da shi ba. Saboda haka gonar da tafasa ta rufe ba ta sami abin da gonar gyaɗa take samu ba. Ban ce a sare su ba. Wa zai yi miya ba kalwa, ko kunu ba tsamiya? Kaɗen ganyensu da kashin dabbobin da ke hutawa a inuwarsu ma taki ne.

Gawo shi ne sarki a wannan fanni. Da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana. Da rani ya yi kore, ya ba tumaki da awaki 'ya'ya. Sarakunan Damagaram na da sun kafa doka mai tsanani a kan saransa. A jihar Maraɗi, daga 1983 manoma suka soma barin kututture ya tofo a gona maimakon ƙone shi, suna rage rassa su bar masu ƙarfi. Yau miliyoyin itatuwa sun dawo gonakin Maraɗi da Damagaram ta wannan hanya, ba tare da dashe ba.

Inda masara ta zauna bana, sa soya ko gyaɗa baɗi. Wannan yana kuma rage wuta-wuta a gona. Wake da gyaɗa ba sa bukatar yuriya mai yawa, supa suka fi so. Sai dai wani abu da malaman gona ba su cika faɗa ba: in ka kwashe ƙwaya, ka kwashe harawa ka sayar, abin da ya rage wa ƙasa kaɗan ne. Ka ba dabbobinka harawar, ka mayar da takinsu gona.

Gargaɗi ga iyaye mata: idon zakara, jar ƙwayar nan mai baƙin kai da yara ke wasa da ita, ita ma 'yar ɗakin wake ce, amma guba ce mai kisa in an tauna. A raba ta da hannun yara.