Daga gangar mai zuwa buhun dusa

Saniya ba ta shan gazuwal, amma duk shekarar da gazuwal ya yi tsada sai an gani a haƙarƙarinta. A wurin rigakafi da tarukan ƙungiya makiyaya suna yawan tambayata: ƙasarmu tana haƙo mai a Agadem, tana da matata a Damagaram tun 2011, to me ya haɗa mu da farashin mai na duniya? Tambayar tana da hujja, kuma amsarta ta shafi lafiyar garke kai tsaye.

Mu ɗauki shekarar 2022, don kowa yana tune da ita. A ƙarshen watan Fabrairu Rasha ta shiga Yukren da yaƙi. Kafin tsakiyar Maris gangar ɗanyen mai ta haura dalar Amurka 120 a kasuwar duniya. A wannan watan ne ma'aunin farashin abinci na hukumar FAO ya kai matsayin da bai taɓa kaiwa ba. Ƙasashen nan biyu su ke fitar da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na alkamar da ake sayarwa tsakanin ƙasashe. Dusar da muke ba shanu da bazara ɓawon wannan alkamar ce. Jirgin ruwa ke kawo ta bakin teku, a niƙa ta, gari ya tafi gidan burodi, dusa ta hau babbar mota ta yi tafiyar kilomita fiye da dubu kafin ta iso Dakoro ko Abalak. Jirgin mai yake sha, injin niƙa wuta yake ci, motar gazuwal take sha, kuma duk a bakin buhu ake ɗora kuɗin.

Akwai wata hanyar da ba a cika lura da ita ba. Takin zamani na yuriya daga iskar gas ake yin sa. Idan gas ya yi tsada, manomi ya rage taki, hatsi ya ragu, kara da harawa ma su ragu. Sannan a Amurka fiye da kashi ɗaya cikin uku na masarar da ake nomawa ana mayar da ita man mota, haka Birazil ke yi da rake. Duk lokacin da fetur ya tashi, masu matatun nan sai su ƙara sayen masara, wato tankin mota da cikin dabba suna jayayya a kan hatsi ɗaya. An ga haka a 2008, lokacin da ganga ta kai dala 147 kuma aka yi zanga-zangar tsadar abinci a ƙasashe da dama.

Gaskiya ne matatar SORAZ ta ba mu ɗan sauƙi, tun da gwamnati ce ke tsayar da farashi a gidajen mai. Duk da haka a watan Agusta 2022 litar gazuwal ta tashi daga sefa 538 zuwa 668, sai a Yuli 2024 aka sauko da ita 618. Matatar ganga dubu 20 aka gina ta ta tace a rana, kuma shekara da shekaru man kwalba da ke shigowa daga Najeriya ne ke cike giɓi a Maraɗi, Ƙonni da Magarya. Da shugaba Tinubu ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin ƴan kwanaki, man kwalba ya daina araha. Dillalin da ke loda shanu zuwa Kano ko Legas ba ya biyan ƙarin kuɗin mota daga aljihunsa. Daga kuɗin san da ka kawo kasuwa yake cirewa. Makiyayi yana sayen dusa da tsada, yana sayar da dabba da araha, bugu biyu ke nan a rana ɗaya.

A nan ne abin yake zuwa hannuna. Daga Afrilu zuwa saukar ruwa, dabbar da aka rage wa abinci jikinta ba ya iya tare cuta. Tunkiyar da za ta iya jure tsutsar ciki da kaka, da bazara tsutsar ke kayar da ita. Saniya mai ciki ta yi ɓari, ko ta haihu ba nono, ɗan maraƙi ya bi. Injin rijiyar burtsatse idan gazuwal ya gagara sai a rage awannin jan ruwa, garke goma su taru a kwami ɗaya, kuma ciwon huhu na shanu ba abin da yake so kamar cunkoso, domin ta numfashi yake yaɗuwa. Haka annobar awaki da tumaki.

Ita kanta allurar rigakafi mai take buƙata. Daga ɗakin binciken LABOCEL a Yamai har zuwa ruga dole ta zauna cikin sanyi, kuma da zarar an haɗa ta da ruwanta awa biyu ne iyakarta. Babur ɗin da ke ɗauke da akwatin ƙanƙara yana da iyakar man da aka ba shi. Idan aka sa rana garke bai zo ba, da wuya a sake komawa wannan wurin a zagayen. Shi ya sa nake roƙon shugabannin ƙungiyoyi: ranar da aka sa, a tara dabbobi wuri ɗaya da sassafe. Rigakafin shekara kyauta gwamnati ke yi, asara ce babba a bar shi ya wuce.

Abin da ya fi damuna shi ne tattalin da ake yi a inda bai kamata ba. Kuɗi sun yi ƙaranci, sai mutum ya raba ƙwayar maganin tsutsa ta tunkiya ɗaya wa tumaki biyu. Tsutsar ba ta mutu ba, ta kuma saba da maganin, badi ko an ba da cikakke ba zai yi aiki sosai ba. Wani ya sayi allurar da ta wuni a rana bisa tabarmar kasuwa don ta fi araha. Wani ya karɓi dusar da ruwa ya taɓa, ta yi funfuna, don an rage masa jika ɗaya. Funfunar nan guba take fitarwa mai lalata hanta, kuma tana bi ta nono zuwa ƙwaryar yara. Idan buhu yana wari ko ya dunƙule, a bar shi ko da kyauta ne. Angurya kuwa, ga manyan shanu tana da kyau, amma kada a cika wa ɗan maraƙin da bai fara tuƙa ba.

Ni a ganina, maganin tsadar bazara tun da kaka ake nemansa. Lokacin dabba tana da ƙiba, hatsi yana da sauƙi, dusa ba ta yi wuya ba. Na san sayar da sa mai lafiya yana da ciwo a zuciyar makiyayi. Garke mutunci ne, ba kaya ba ne kawai. To amma tsohuwar saniyar da haƙoranta suka ƙare da bijimin da ba a bukatarsa wajen barbara, su ne za su fara kwanciya a watan Mayu, lokacin da mahauci zai taya su kuɗin fata. A sayar da su a Nuwamba, a zuba kuɗin a bankin abincin dabbobi na ƙungiya. Mutum talatin idan suka haɗa suka ɗauki mota ɗaya, kuɗin gazuwal ɗin ya rabu talatin, kuma sun sayi kaya kafin ƴan kasuwa su ɓoye. Sai a sami ɗaki mai iska, a jera buhuna bisa katako nesa da bango, a sa mutum biyu riƙon makulli da littafi. Harawar wake da ta gyaɗa ma a ɗaga su bisa rumfa tun suna kore, kafin rana ta cinye amfaninsu.

Idan abincin da aka tanada ba zai ishi kowa ba, a fara da masu ciki da masu shayarwa, sannan ƴan maruƙan da aka yaye. Sauran su bi kiwo.