Daga Zaure Zuwa Digiri: Karatun Adabin Dā Ta Wayar Salula

A Matamaye, kamar sauran garuruwan ƙasar Damagaram, ba wuya a sami magidancin da ya bar lakwal tun yana yaro amma ya sauke Ajurrumiyya, ya haddace Ishiriniya, yana kuma tsakiyar Maƙamatul Hariri a zauren wani malami. A unguwa ana ce masa malam. A ofis kuwa, ranar ɗaukar ma'aikata, tambaya ɗaya ce: ina takarda?

Abin da ke kansa ba ƙaramin ilimi ba ne. Turawa na da fannin da suke girmamawa a jami'o'insu, wato nazarin harsuna da adabin Girkawa da Rumawan dā, kuma Jami'ar Ibadan ta fara koyar da shi tun buɗe ta a 1948. Ƙasar Hausa na da nata tsofaffin littattafan. Hariri, mutumin Basra da ya rasu a 1122, ya bar maƙamomi 50 da malamai ke gwada zurfin Larabcin ɗalibi da su. Ibn Malik, wanda ya rasu a 1274, ya tattara nahawu cikin baiti kusan 1,000 a Alfiyya. Ishiriniya ta Alfazazi daga Andalus ta zo. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya lissafa ta, tare da waƙoƙin shu'ara shida na zamanin jahiliyya, cikin abin da ya karanta a gaban yayansa Shehu Usmanu. A Yamai, sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar IRSH, wanda Bubu Hama ya aza harsashinsa, na ajiye da littattafan hannu kusan 4,000 da ke jiran masu iya karanta su.

Nijar ta daɗe tana neman haɗa wannan ilimi da boko. An buɗe madarasar farko ta Larabci da Faransanci a Say a 1957, Jami'ar Musulunci ta Say ta fara aiki a 1986, Damagaram kuma ta sami jami'arta a 2010, wadda yanzu ke ɗauke da sunan André Salifou. Sai dai duk suna son ɗalibi ya zauna a aji. Mai garkar rake a fadamar Kance, ko mai shago da ke sarin kaya ta Ɗan Barto, ko matar aure mai 'ya'ya biyar, wa zai bar wa gida har shekara uku?

Nan karatu daga nesa ya shigo, kuma ya girmi intanet nesa ba kusa ba. Tun 1858 Jami'ar Landan ta yarda mutum ya yi karatu a garinsu, ya zauna jarrabawarta. Nelson Mandela ya yi karatun lauya ta wannan hanya yana tsare a kurkuku. A 1969 Ingila ta kafa jami'a sukutum don masu karatu daga gida, kuma har yau tana ba da digiri a adabin Girkawa da Rumawa ga direbobi da 'yan fansho da masu jego.

Ga mutumin Matamaye, ƙofa mafi kusa tana tsallaken iyaka. Jami'ar karatu daga gida ta Najeriya, NOUN, Shehu Shagari ne ya kafa ta a 1983, sojoji suka dakatar da ita a 1984, Obasanjo ya farfaɗo da ita a 2002. Shi kansa daga baya ya koma ɗalibinta, har ya kai digiri na uku a ilimin addinin Kirista. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Kano ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021. Tana koyar da Larabci da ilimin addinin Musulunci, tana ɗora littattafan darussanta a intanet kyauta, ɗalibi na yin aikin gida ta waya ko kwamfuta, jarrabawa kuma a cibiya ake yin ta, kamar ta Katsina ko ta Kano. Akwai kuma International Open University mai mazauni a Gambiya, wadda ita ma ke ba da digirin Larabci. Masu Faransanci na iya bin darussan nesa na ƙungiyar jami'o'i ta AUF, mai cibiya a Yamai.

Amma fa hanyar da gargada. Duk zurfin mutum a Alfiyya, jami'a sai ta ga bak ko takardar sakandare daidai da ita, don haka wanda ya tsaya a firamare sai ya fara neman bak a matsayin ɗalibi mai zaman kansa. NOUN na neman Turanci, alhali yaron Matamaye da Faransanci ya tashi a lakwal. Kuɗin makaranta da naira ake biya. Sannan ga wuta da rezo: bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka, Najeriya ta yanke lantarkin da take turowa, ba a sassauta ba sai a 2024. Ɗalibin da jarrabawarsa ke Katsina a watannin nan ya ga ta kansa. Kuma kafin mutum ya zuba ko dala, gara ya tambayi ma'aikatar ilimi mai zurfi a Yamai ko za ta amince da takardar.

Akwai kuma abin da waya ba ta yi. A zaure ɗalibi na jan baƙi, malam na fassarawa kalma bayan kalma, yana kama shi in ya yi lahani a wasali ɗaya. Jami'a kuwa tarihin adabi take koyarwa, da sharhi, da yadda ake rubuta bincike, abubuwan da zaure bai cika damuwa da su ba. Mai zama a Matamaye na da damar haɗa biyun: darasin malam bayan asuba, kasuwa ko garka da rana, aikin jami'a da dare in an yi cajin waya. Lisans a Nijar shekara uku ne, digirin NOUN kuwa shekara huɗu ne mafi ƙaranci ga wanda ya fara daga ajin farko, kuma mai iyali na iya rage yawan darussan zango ya ja shi fiye da haka.