Yadda Za Ka Haɗa Faifan Enkoda Da Hannunka

Idan ka taɓa haɗa ƙaramar mota ko fanka da Arduino, ka san matsalar: moto yana juyawa, amma ba ka san sau nawa ya juya ba. Faifan enkoda ne ke magance wannan.

Faifai ne mai layuka baƙaƙe da wurare garai-garai a tsakaninsu. Gefensa yana ratsawa tsakanin fitilar LED mai hasken infared, wanda ido ba ya gani, da sensa mai karɓar hasken. Duk layin da ya gifta zai tare hasken, Arduino kuma ya ƙirga ɗaya. Tsohon maus mai ƙwallo da lalatacciyar firintar tawada suna ɗauke da fitilar da sensar, don haka leƙa wurin masu gyaran kwamfuta kafin ka saya.

Zana da'ira mai layuka 20, wato layi ɗaya a kowane digiri 18. Kai shagon buga takardu a buga maka da firintar leza a kan roba garai-garai. Buga biyu ka ɗora ɗaya bisa ɗaya, domin infared yakan ratsa baƙin da bai yi kauri ba. Huda tsakiyar daidai. In ta kauce, layukan za su riƙa fita daga gaban sensa, ƙirgen ya lalace.

Lissafin ba wuya: ƙirgen daƙiƙa ɗaya, raba da 20, ninka da 60, ka samu juyin minti ɗaya. In ka ƙara sensa ta biyu, ka gusar da ita da rabin faɗin layi, wadda ta riga ganin layin ita za ta nuna maka gaba ake yi ko baya.

Mu da ke Talata Mafara, Bakura da Maradun, inda ruwan madatsar Bakolori ke raya noman rani, muna da wurin gwada shi. Ɗaura faifan a taya mai kewayen mita 1, kowane ƙirge santimita 5 ke nan. Ka tura ta gefen fadama, ka auna tsawon gona.

Rana da ƙurar hunturu su ne abokan gabarsa, saboda haka rufe sensar da baƙin kwali. In ya ƙi ƙirgawa, haska fitilar da kyamarar wayarka. Yawancin kyamarori suna ganin infared, musamman ta gaba. In ka ga ɗigon haske mai shunayya, fitilar lafiya lau take, sai ka koma kan wayoyin haɗi.