Tsofaffi a Fim: Me Ya Sa Namu Kullum Suna Kan Kujera?

Tun hutun da ya wuce nake jin 'yan ajinmu suna musu kan fina-finai biyu, Uunchai na Indiya da ya fito a 2022, da Thelma na Amurka na 2024. Duka biyun na kalla, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne jaruman cikinsu duk tsofaffi ne, amma ban iya ajiye waya ba sai da suka ƙare.

A Uunchai, Amitabh Bachchan yana da shekara 80 lokacin da fim ɗin ya fito. Shi da Anupam Kher da Boman Irani aminai ne. Na huɗunsu ya rasu bai cika burinsa na zuwa gindin dutsen Everest tare da su ba, sai suka ɗaura niyyar yin tafiyar saboda shi. Gwiwa ta ƙi, numfashi na sarƙewa, ga 'ya'ya kowa na ganin iyayen sun zauce. Thelma kuwa tsohuwa ce mai shekara 93, wadda June Squibb ta fito a matsayinta. 'Yan damfara suka kira ta a waya da sunan jikanta ne ya shiga matsala, ta aika musu dala 10,000. Da ta ga babu mai ƙwato mata, sai ta ja tsohon abokinta, suka hau ɗan babur ɗin da tsofaffi ke yawo da shi, suka bi sawun kuɗin. Wa a cikinmu bai san tsohuwar da aka taɓa yi wa irin wannan kiran ba?

To, daga ina fargabar take zuwa, tunda babu wani faɗan a-zo-a-gani? Daga jikin jarumin. In saurayi ya faɗi a fim, ka san zai miƙe ya kakkaɓe rigarsa. In mai shekara 90 ta taka matakalar bene, kai ma sai ka riƙe numfashi, don faɗuwa ɗaya ta isa. Sannan lokaci ba ya jiransu. Saurayi na iya cewa sai baɗi, tsoho bai da wannan tabbacin. Ita ma abotar nauyinta daban, domin abokin shekara 50 in ya tafi, ya tafi da rabin labarinka.

Nan ne nake ɗan jin haushin Kannywood. Kano ba baƙuwar sinima ba ce: tun 1937 aka buɗe Rex a Sabon Gari, ga Plaza a Fagge, har Wapa da muka sani yau da 'yan canji sunan sinima ne. Samarin da suka yi layi don ganin Amitabh yana dukan mugaye su ne dattawan da ke zaune a majalisun Fagge bayan la'asar. Indiya ta bar jaruminta ya tsufa a gaban kyamara. Mu fa? Tsoho a fim ɗinmu aikinsa ya zauna a falo da carbi, ya ce bai yarda da auren ba, ko ya sa albarka a ƙarshe. Gidan Badamasi ya yi ƙoƙari, ya sa tsoho a tsakiyar labari, amma don a yi dariya ne. Daɗin Kowa ma ya ba dattawa fili fiye da saura, gaskiya.

Kuma abin ya wuce labari, ya taɓa aljihu. Za ku tuna a 2022 da Ladin Cima ta faɗa wa BBC Hausa cewa ɗan abin da ake ba ta a fim bai taka kara ya karya ba, wasu masu shirya fim suka fito suka musanta, aka yi ta cece-kuce. Ko wa ke da gaskiya, wanda fitowarsa biyu ce a fim ba zai samu kuɗin jarumi ba.

'Yan Mass Comm da ke neman labarin gajeren fim na aikin ƙarshen shekara, ku leƙa Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari. Akwai dattawan da suka yi shekaru aru-aru suna ba juna kaya bashi babu takarda, Bahaushe da Ibo ma a ciki. A ce ɗaya ya rasu, 'ya'yansa ba su san da amanar da ke hannun ɗayan ba, shi kuma mantuwa ta fara kama shi. Ni dai zan biya kuɗin data in kalli wannan.