Saƙar Ulu Da Zaman Iyali

Ran nan, wajen ƙarshen watan Nuwamba, muka dawo daga rangadin makarantu bayan sallar isha'i, muka tarar da uwargida zaune bisa tabarma, fitila a gefenta, tana warware wata rigar sanyi wadda muka san ta yi mako uku tana saƙa wa ɗanmu na tsakiya. Muka buɗe kwano, muka ji tuwo yana ƙauri. Ga gajiyar hanya, ga yunwa, sai muka ce, "Yanzu saboda wannan wasan zare ne aka bar tukunya ta kama?" Ba ta ɗaga kai ba, ta ce, "Malam, hannun dama ya fi na hagu tsawo da faɗin yatsa uku. In ya sa ta haka ya tafi makaranta, yara ba za su bar shi ya sha ruwa ba. Ga shi kuwa sanyi ya kusa sauka."

Muka yi shiru, muka ci tuwonmu. Amma kalmar nan ta "wasa" da ta fito daga bakinmu ta hana mu barci, domin da muka yi tunani sai muka ga babu yaro ko ɗaya a gidan da bai taɓa shiga hunturu da abin da hannun nan ya saƙa ba. Abin da ya sa ke nan muka ga ya kamata mu yi magana da 'yan'uwanmu malamai da akawuna a kan wannan sana'a, wadda ake yi a gabanmu kullum, amma ba mu cika ba ta matsayinta ba.

Zare ba baƙo ba ne a gidajenmu

Duk wanda ya tashi a gaban kakarsa ya san kaɗi. Mace za ta ɗauki auduga ta gurje ta bisa dutse ta fitar da angurya, ta shiɓe ta har ta yi laushi, sa'an nan ta zauna da mazari, tana shafa alli a yatsu, tana kaɗi tana hira, goyo a bayanta, idonta a kan murhu. Zaren da ta kaɗa nata ne, kuɗinsa ma nata ne. Da shi take yin biki, da shi take tara wa 'yarta kayan ɗaki. A cikin littafin Baba ta Karo, wanda aka buga a 1954, tsohuwar ta ba da labarin yadda kaɗi yake cikin ayyukan matan ƙasar Zazzau na yau da kullum. Shi ma Baturen nan matafiyi, Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ba da labarin tufafin da ake saƙawa ana rinawa a nan, ana kai su har Timbuktu da Tarabulus. Farkon kowace riga daga cikinsu kuwa mazarin wata mace ne a tsakar gida.

Da zaren inji ya yawaita, musamman bayan an buɗe babbar masaƙa a Kaduna a 1957, sai kaɗi ya yi ta ja da baya, har ya zama a birane da wuya ka ga mazari. To, amma hannun da ya saba da aiki ba ya son zama. Hausawa sun ce da zaman banza gara aikin kishiya. Gurbin da mazari ya bari, kibiyar saƙa da kwarashi da allurar ɗinkin hula su ne suka cike shi.

Asalin saƙar kibiya

Mutane da yawa suna tsammanin saƙar kibiya aikin Turawa ce tun asali. Ba haka ba ne. Mafi daɗewar abin da aka samu wanda aka saƙa ta wannan hanya shi ne waɗansu safuna na auduga, fari da shuɗi, da aka tono a ƙasar Masar, waɗanda masana suka ce an yi su tsakanin ƙarni na 11 da na 13. A ƙasar Sifen kuma, cikin kabarin wani ɗan sarki da ya mutu a 1275, kusa da birnin Burgos, an sami matashin kai na siliki, saƙaƙƙe, an jera kalmar "baraka" da rubutun Larabci a gefensa. Daga baya sana'ar ta bazu cikin ƙasashen Turai, har wani mutumin Ingila mai suna William Lee ya ƙago injin saƙa safa a 1589.

Mu nan ta iso mana ne ta hanyar makaranta. An buɗe makarantun 'yan mata a Kano da Katsina a 1930, aka kuma buɗe wurin horon malamai mata a Sakkwato a 1939. A irin waɗannan wurare, ban da karatu da rubutu, ana koyar da aikin allura da saƙa da kula da gida. Yarinyar da ta koya takan koma gida ta koya wa ƙannenta, in ta yi aure ta koya wa maƙwabta. Da haka abin ya shiga lunguna, har ya kai ga matan da ba su taɓa taka ƙofar aji ba. An rushe tsarin En'e a 1976, masaƙun Kaduna ma yawancinsu sun rufe tsakanin 2000 da 2010, amma saƙar cikin gida tana nan ba ta mutu ba.

Amfaninta ga jariri

Kada wani ya ce ƙasarmu ta zafi ce, me za a yi da ulu? Cikin Disamba da Janairu, sanyin asuba a Kano yakan sauka ƙasa da digiri 15, a Jos kuwa wani lokaci har ƙasa da 10. Babba zai ja bargo, amma jariri sabon haihuwa ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa kamar babba. Likitoci sun ce zafin jikinsa ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Kansa kuwa babba ne in an gwada da sauran jikinsa, saboda haka ɗumi mai yawa ta nan yake fita. Jaririn da sanyi ya kama yakan kasa shan nono sosai, ya yi rauni, ciwo ya same shi da sauƙi, balle wanda aka haifa bakwaini. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a tsane jikin jariri nan da nan, a ɗora shi bisa ƙirjin uwarsa, a rufe masa kai, a kuma jinkirta wankan farko har awa 24 in da hali. Ashe ke nan 'yar hular nan da safar nan da mai ciki ke saƙawa tana jiran haihuwa ba ado kaɗai ba ne.

Akwai kuma wani amfani wanda ba a aunawa da ma'auni. Shawul ɗin da goggo ta saƙa ta kawo ran suna ya bambanta da wanda aka tsinta a tarin gwanjo, ko da na gwanjon ya fi araha. A gidanmu akwai wani da aka naɗe yara huɗu a cikinsa, ɗaya bayan ɗaya, har yanzu yana ƙasan akwati.

Lissafin da ke cikinta

Nan ne muke so malamai su saurara da kyau. Washegarin daren nan muka roƙi uwargida ta nuna mana inda kuskuren ya fito. Ta ce ta ƙirga layukan hannun dama, amma da ta zo na hagu baƙi suka yi sallama, ƙirgan ya ɓace mata, ta ci gaba da ido. Sa'an nan ta nuna mana yadda ake fara aiki, muka ga ashe darasin lissafi ne sosai.

Ga misali. Kewayen kan jariri sabon haihuwa wajen inci 14 ne. Da yake saƙa tana miƙewa, sai a yi hular inci 13. Kafin a fara, sai a saƙa ɗan ƙyalle na gwaji a auna. In madaukan zare 20 suka ba da inci 4, watau 5 ke nan a kowane inci. 5 sau 13 ya ba da 65. Amma in bakin hular za a yi masa saƙar nan mai kama kai, biyu ta gaba biyu ta baya, dole adadin ya rabu da 4 ba saura, saboda haka sai a ɗora 64. Ku duba fa: awo, da sau, da rabawa, duk a cikin hula ɗaya. Mun sha ganin yarinyar da ke rawar jiki in an kira ta gaban allo, amma a gida tana yin wannan lissafi a ka ba ta kuskure. Laifin ba nata ba ne, namu ne da ba mu haɗa mata allo da abin da ta riga ta sani ba.

Yara maza ma kada a hana su. A ƙasar nan saƙar tufafi da ɗinkin riga da na hula tun asali maza sun shahara da su, ba a kuwa taɓa ganin haka abin kunya ne ba.

Inda saɓani ke shigowa

Ba za mu ɓoye ba, saƙa tana da jan hankali. Mai yi takan ce bari in ƙarasa wannan layi, kafin ta farga la'asar ta yi. Daga nan ne ƙaurin tuwo ke fitowa, daga nan kuma maigida ke fara gunaguni. Amma in za a yi adalci, sai a tambaya: yaushe ne matar nan take da lokacin kanta? Tun asuba tana kan shara da wanke-wanke da shirya yara da girki. Shi maigida in ya taso daga ofis yana da majalisa, yana da rediyo, ba mai ce masa yana wasa. Ita kuwa hutunta ma aiki ne wanda gida zai amfana da shi.

Abin da muka ga ya yi mana magani abu uku ne. Na farko, a ware lokaci. A gidanmu an tsayar da bayan azahar, da kuma bayan isha'i sa'ad da yara ke bitar karatunsu, kowa da aikinsa a gaban fitila ɗaya. Na biyu, a fara da wuri. Rigar da ake so a sa a Disamba, tun ana cikin damina ya kamata a ɗora ta, don kada gaggawa ta sa a hana ido barci. Na uku, a riƙa rubutawa. Muka ba ta ɗan littafi, tana sa alama duk layi goma, ko baƙi sun zo ba abin da zai ɓace.

Littafin nan ya yi wani amfani da ba mu zata ba. Maƙwabta sukan kawo aiki, su biya kuɗin ulu da ɗan abin goro. Da aka fara rubuta yawan ƙulli nawa ya shiga, da kwana nawa aka yi, sai ta ga ashe wahalarta kyauta take bayarwa. Ku akawuna, da kuke tsare littafin kuɗi a ofis tun safe har yamma, ku zauna rabin awa ku nuna wa iyalinku yadda ake fitar da uwar kuɗi da ladan aiki. Amma fa ku tuna, abin da ta samu nata ne, kamar yadda kuɗin zaren kakanninmu ya kasance nasu.

Abubuwan da za a kiyaye

Yawancin ulun da ke kasuwanninmu yanzu ba gashin tumaki ba ne, na roba ne da ake yi daga sinadaran man fetur. Yana da araha, yana jure wanki, asu kuma ba ya cinsa. Amma in wuta ta taɓa shi narkewa yake yi ya manne a fata. Saboda haka yaron da ke sanye da irin wannan riga kada a bar shi ya matsa kusa da murhu ko kaskon jin ɗumi. Ulun tumaki na ainihi ya fi ɗumi, amma ruwan zafi yana sa shi ya tsuke. A wanke shi da ruwa mai ɗan ɗumi, kada a murɗe, a shimfiɗa shi a inuwa ya bushe, don in an rataye shi miƙewa zai yi.

A sayi ulun da zai isa aikin gaba ɗaya, domin launi ɗaya ma yakan ɗan bambanta daga wannan rini zuwa wancan. Kibiya da kwarashi a ajiye su inda hannun yaro ba ya kaiwa, kada a bar su a soke bisa katifa ko kujera. Hular jariri kada a yi mata dogon igiya a wuya, kada kuma a liƙa mata maɓalli ko dutsen ado da zai iya cirewa ya haɗiye. In rana ta ɗaga, ko aka ji jikinsa ya yi zafi, a rage masa kaya.

Rigar nan da muka ba ku labari an gama ta cikin kwana goma sha biyu, hannuwanta daidai wa daida. Ran da iskar hunturu ta fara kaɗawa da gaske, muka tsaya a zaure muna kallon yaron ya nufi makaranta a cikinta, sauran yara na takure da hannuwa a hammata, shi kuwa yana tafe yana wasa da jakarsa. Muka koma ciki muka ce, "Uwargida, maganar da muka yi ran nan, a yafe mana." Ta yi murmushi ta ce, "Ba komai, Malam. Miƙo hannunka in auna, akwai sauran ulu."

Muna fata kowane malami da kowane akawu, in ya koma gida yau ya tarar ana wannan aiki, ya tsaya ya duba, ya ce sannu da aiki, ya kuma tambaya ko ulun zai isa. Allah ya ba mu zaman lafiya da iyalanmu, ya sa albarka cikin abin da hannuwanmu ke yi, amin.