Hanyoyin Isar da Littafi ga Masu Karatu

Marubucin da ke Zakka, a Ƙaramar Hukumar Safana, yana da hanyoyi biyu na samun masu karatu. Ta farko ita ce miƙa rubutu ga hukuma ko kamfanin ɗab'i, kamar yadda Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya fito bayan gasar 1933. Kamfani yakan tace rubutu, ya biya kuɗin bugu, ya kai littafi makarantu, sai dai akwai dogon jira.

Ta biyu kuwa, marubuci ya buga da kuɗinsa, ya kai kasuwa, kamar yadda Ado Ahmad Gidan Dabino ya yi a Kano a 1991. A nan riba da asara duk nasa ne.

Muna shawartar masu zaɓar ta biyu da su nemi masani ya duba rubutunsu tukuna, domin littafin farko ne ke jawo wa na biyu masu saye.